Farfelar Gwaggo a Ƙarƙashin Tankin Alwala

Ku samarin da kuke zama a dakalin ƙofar gidana a Ƙofar Sauri, kowa da waya a hannu, kuna kallona ina birgima a ƙarƙashin mota kuna cewa, "Baba Garba, ai wannan aikin minti biyar ne, ga shi wani Bature ya yi a bidiyo," wannan rubutu naku ne. Na ga Baturen naku. Ƙarƙashin motarsa ya fi falon gidanmu tsabta, notinsa kuwa da ya hango sifana sai ya kwance da kansa don ladabi. Ku kawo shi nan ya gwada notin da ya sha damina ashirin da yashin Katsina. In bai zauna ya yi kuka ba ku canza mani suna.

Motar da kuke wa dariya jif ce mai fowil, wato in ka sa mata ƙaramar giya, ƙafafun gaba da na baya duk ja suke yi. Ta girmi yawancinku. Gwaggo nake kiranta, don ba ta tashi da safe sai ta yi tari, ta yi mita, ta ambaci duk laifin da na yi mata jiya. Ni da ita aikinmu ɗaya ne. Kullum bayan sallar asuba mu nufi rugar Arɗo Bello, mu ɗauko madara jarka goma sha biyu, mu kai wa Hajiya Rabi a Kambarawa, ita kuma ta dafa ta yi yogot. Tsakanin ruga da titi akwai korama mai faɗi. Da rani yashi ce zalla, da damina kuma ta zama abin da Allah kaɗai ya san sunansa. Madara ba ta jiran kowa. In rana ta take ba ka iso ba, ta yi tsami, sai dai a ba karnuka. Wannan hanyar madarar ita ke ciyar da gidana, kuma saura ƙiris in rasa ta da hannuna. Labarin da zan ba ku ke nan.

Gyara a wurin marigayi Malam Ila na koya, Allah ya jiƙansa. Tsohon direban gwamnati ne, ya daɗe yana tuƙa manya a GRA, da ya yi ritaya ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, ni kuma na zama karen motarsa. Shekarata ta farko ban taɓa sifana ba. Wankin ƙarafa da kananzir, shi ne digirina. Na wanke noti har fatar hannuna ta koma kamar bayan kada. A shekara ta biyu ya miƙo mani sukudireba, na yi murna zan kwance wani abu, sai ya ce in dafa bakinta a jikin inji, in sa ƙotar a kunnena.

"Mi ka ji?"

"Ƙara, Malam."

"Kai ma ƙarar ce. Sake ji."

Wata uku ina sake ji. Daga baya na iya bambance kukan boris da ya gaji da na fambel da ya saki, kamar yadda uwa ke gane kukan yunwa da na rigima. Shi Malam Ila bai yarda direba ya kai motarsa gareji ba sai in inji za a sauke. Cewa yake duk direban da bai iya kwance motarsa ba fasinja ne da ya samu kujerar gaba.

Akwatin kayan aikina nasa ne na gada. Sifana goma sha huɗu, uku daga ciki sun sha walda. Guduma biyu, ƙarama ta lallashi, babba ta in lallashi ya ƙi. Jak ɗin da zai iya ɗaga gidan sama in aka samu wurin sa shi. Bututun ƙarfe mai tsawon hannu da nake zura wa sifana in noti ya yi taurin kai. Sai sabulu da garin barkono. Kada ku yi dariya. Ranar da lagireto, tankin ruwan inji, ya tsage mani a bayan korama, ruwa na tsiyaya, madara na bayan mota tana ƙirga mani lokaci, barkono na zuba a ciki ya toshe tsagar. Gwaggo ta yi ta atishawa har cikin gari, duk wanda muka wuce sai ya share hawaye, amma mun iso. Sabulu kuwa na tankin mai ne. In dutse ya huda shi, ka murtsuka sabulu ka liƙe, ya kai ka gida.

Aikin da ba a nuna maku a waya shi ne na kullum. Duk ranar da na ratsa ruwa, da na dawo sai in shiga ƙarƙashi in buɗe aksul in duba mai. In ya fito baƙi, lafiya. In ya fito kamar koko, ruwa ya shiga, sai a zubar a sake. Duk mako in bi gaɓoɓinta da giris ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa tsohuwa tausa. Ba wanda zai tafa maka a kan wannan. Amma shi ya sa na yi shekaru Hajiya Rabi ba ta taɓa tsayawa a ƙofa tana duba agogo ba.

Sai shekarar da fetur ya yi tsada ta zo. Kun san ta, ba sai na faɗa maku ba. Gwaggo kuwa shan mai take kamar raƙumin da ya dawo daga sahara. In na tsaya a gidan mai, mai zubawa har gaishe ta yake da hannu biyu. A tasha kowa ya zama injiniya. Wani ya matse kafireto har motarsa ta koma tafiya kamar mai azumi. Wani ya riƙa kashe inji a gangara. Masu jif kuma suka gano wata sabuwar hikima: a cire farfelar gaba. Farfela ita ce sandar ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun gaba. Aka ce nauyi ce, aka ce ita ke shanye mai, aka ce wane ya cire tasa yanzu wata guda yake yi bai ga gidan mai ba. Lokacin tsakiyar rani ne, yashin korama ya daskare an yi mashi hanya, ko keke sai ya wuce. Na shiga ƙarƙashi, noti takwas, na zare ta na jingine a zaure.

In gaya maku gaskiya, ko ludayi ɗaya na mai ban rage ba. In ba ka sa fowil ba, ita farfelar gaba zaune take ba ta ko juyawa, fasinja ce kawai. Na san haka. Malam Ila ya koya mani haka. Amma in mutum goma suka rantse maka a tasha, kuma aljihunka na kuka, sai ka ji ilminka ya tafi hutu.

Da a zaure na bar ta, da ba labari. Wata rana bayan la'asar, Liman na masallacin unguwarmu ya yi sanarwa cewa ƙafa ɗaya ta teburin ƙarfen da tankin alwala ke kai ta ci tsatsa, tanki ya karkace, ana neman mai taimakawa. Ni kuwa kun san bakina. Na miƙe a cikin sahu na ce, "Allah gafarta Malam, a bar wannan a hannuna. Ina da ƙarfen da ko giwa ta hau ba zai lanƙwashe ba. Daga ƙasar waje aka ƙero shi. Na ba masallaci, sadaka, har abada!" Aka yi kabbara. Wani tsoho, Alhaji Mamman, wanda ba ya barin kowa ya ji daɗi shi kaɗai, ya ce, "Garba, halan dai ba wani abu ka cire wa motar taka ba?" Na ce, "Alhaji, abin da ba ta buƙata ne." Aka kira mai walda ya liƙa farfelar a madadin ƙafar tebur, aka shafe ta da koren fenti. Wata huɗu duk wanda ya zo alwala sai na nuna mashi ƙafata.

Ruwan farko na kirki ya sauka wata ranar Lahadi. Litinin da safe na tafi ruga lafiya, don ruwan tudu bai gangaro ba tukuna. A dawowa na tarar korama ta jiƙe sharkaf, ruwa iya ƙauri, yashi ya yi laushi kamar tuwon da bai nuna ba. Na shiga da bisimilla. A tsakiya ƙafafun baya suka fara haƙa. Ko a jikina. Na miƙa hannu na ja ƙaramar giya kamar yadda na saba shekara da shekaru, na taka mai ina murmushi. Ƙafafun gaba suka tsaya suna kallona. A nan na tuna inda farfelata take: tana Ƙofar Sauri, tana ɗauke da ruwan alwala.

Sai da Arɗo ya turo shanun huɗa biyu suka ja mu. Kafin nan rana ta take. Na isa Kambarawa bayan azahar, Hajiya Rabi na tsaye a ƙofa, ma'aikatanta mata shida na zaune a bayanta ba aikin yi. Ta buɗe jarka ɗaya ta sunsuna, ta rufe. Ba ta buɗe ta biyu ba.

"Malam Garba, sannu da hanya."

"Hajiya, wallahi yau korama..."

"Koramar bara ce, ba a canza ta ba. Mi ya samu motar?"

Na gaya mata. Ta dube ni kamar ta ga mutum ya sa hula a ƙafa.

"Ka cire abin da ke fid da kai daga ruwa, ka kai wurin ruwa."

"Sadaka ce, Hajiya."

"Allah ya karɓa. Ni dai ga mata shida, kowace da bakunan da take ciyarwa, ga masu shaguna na jira. Akwai mai sabuwar a-kori-kura da ya yi wata uku yana mani sintiri, ina ce mashi ina da direba. Zan sa 'yan babur su ɗan riƙa kawo abin da ya samu zuwa Alhamis. Juma'a da safe in madara ta iso a motarka, shi ke nan. In ba ta iso ba, mu rabu muna gaisawa."

Talata na wuni a wurin masu sayar da kayan mota. Na zagaye Katsina, na kira Kano, na kira wani da ya san wani a Maraɗi. Kowa sai ya tambayi shekarar motar, in na faɗa sai ya yi salati. Ɗaya ya ce in gwada gidan tarihi. Aka kawo mani wata, ta fi tawa tsawo da taƙi guda. Aka kawo wata, ramukan notinta ba su hau ba. Da la'asar na tabbata farfela ɗaya ce tak a duniya da za ta shiga Gwaggo, kuma na bayar da ita har abada da bakina.

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane nauyin wannan ba. A unguwarmu mutum ya karɓi abin da ya ba masallaci? Gara a ce ya saci akuya, ita akuya ana mantawa. Har na yi tunanin in je in zare ta ba wanda ya sani in sa wani ƙarfe, sai na tuna koren fenti, na tuna Alhaji Mamman, na kuma tuna Wanda ake yi wa alwalar. Na wanke hannu na tafi zauren Liman.

Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi Gwaggo. Na ce, "Allah gafarta Malam, a kanta na zo." Na zayyana mashi komai, kaina a ƙasa. Ya daɗe yana shafa gemu, kafaɗunsa na ɗan motsi. Ina zargin dariya yake haɗiyewa.

"Garba, sadaka ba ta komawa hannun mai ita. Wanga ba ni na ce ba."

"Haka ne, Malam."

"Amma shi masallaci ƙafa yake buƙata, ba farfela ba. Ana iya musanya kayan masallaci da abin da ya fi su amfani gare shi. Sharaɗin shi ne ya fi, ba ya yi daidai ba."

"Zan kawo bututu mai kauri, sabo fil!"

"Madalla. Sauran ƙafafun ukun ma sun ci tsatsa."

Na ɗago kai. Ya dube ni cikin natsuwa irin ta malamai. Na ce, "Huɗu ke nan."

"Kai ka ƙirga. Sannan a gaban jama'a ka bayar, da murya mai ƙarfi, har na waje sun ji. A gabansu za ka nema."

Bayan magariba na miƙe a sahun da na taɓa miƙewa. Ban san muryata na da ƙaramar giya ba sai ran nan. Ban kai ƙarshe ba Alhaji Mamman ya ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya. Ladan da ya samu na wata huɗu, shi ma zai maido, ko za a bar mashi na haya?"

Masallaci ya ɗauki dariya har na bayan sahu na riƙe ciki. Liman ya ce a yi shiru, ya tambaya ko akwai mai ja. Ba wanda ya ja. Sai dai ya ƙara da cewa kada a wayi gari masu alwalar azahar su zo ba ruwa.

Aikin tankin nan ranar Laraba, shi ne aikin da na fi alfahari da shi a rayuwata, kuma ba a jikin mota na yi shi ba. Tanki cike yake, an hana ni zubar da ruwan. Na kawo jak ɗina, na ɗora a kan bulo da katako, na ɗaga kusurwa ɗaya kaɗan-kaɗan har ƙafar ta saki ƙasa. Mai walda ya yanke tsohuwa, muka sa sabuwa, muka sauke, muka koma ta gaba. Tanki na lilo a saman kaina, tsofaffi bakwai na zaune a inuwa suna ba da umarni, kowa da nasa. Da aka zo kan farfela na riƙe hannun mai walda na ce, "Ɗan'uwa, nan ba yanka za ka yi ba, kaciya za ka yi. In ka ci mani baki ɗaya, ni da kai sai gaban alƙali." Ya bi waldar a hankali yana gumi. Ladan na gyaran murya muka sauke jak na ƙarshe. Mutum na farko ya buɗe famfo, ruwa ya zubo, na ji kamar ni na haƙa rijiyar.

Alhamis kuma na wuni da ita a zaure. Wata huɗu tana shan ruwan alwala, kuros ɗinta biyu, wato gaɓoɓin da ke ba ta damar lanƙwasa tana juyawa, sun daskare kamar an haife su haka. Ƙaramar guduma ta yi lallashi ta gaji, babba ta karɓa. Allah ya sa irinsu ana samu, na sa sababbi. Ramukan noti biyu walda ta toshe su, na bi su da zarto har yatsuna suka daina jin sunansu. Ita farfela biyu ce a haɗe, ɗaya na zurawa cikin ɗaya ta haƙora. Na zare su, na wanke, na cika da giris, na mayar yadda hannuna ya ga dama. Kafin magariba tana jikin Gwaggo, kore shar a tsakanin baƙaƙen ƙarafa.

Juma'a korama ta fi ta Litinin cika. Na tsaya a baki da jarka goma sha biyu a baya, mutanen ruga sun biyo ni kallo, shanun Arɗo na gefe ko da za a buƙace su. Na murɗa makullin da ke haɗa ƙafafun gaba da farfela, na ja ƙaramar giya, na ce, "Gwaggo, wata huɗu ƙarfen nan yana ibada, kada ki ba shi kunya." Muka shiga. A tsakiya baya ya fara haƙa. Sai na ji gaba ya kama. Ta yi gurnani, ta daddage, ta fita ɗaya gefen tana zubar da ruwa kamar bajimin da ya yi wanka.

Sauran hanyar duk taɓo ce, don haka ban cire fowil ba, na taka. Nan ta fara rawa. Sitiyari na kaɗawa, madubi na kaɗawa, haƙorana na buga wa junansu. Hulata ta sauka da kanta ta koma kujerar baya. Na san akwai abin da ban yi daidai ba, amma rana na hawa, ban tsaya ba.

Na isa Kambarawa da hantsi. Hajiya na ƙofa. Ta buɗe jarkar farko ta sunsuna, ta sa ludayi ta ɗanɗana. Ta buɗe ta biyu, ta uku, har ta goma sha biyu. Sannan ta ɗago ludayin ta nuna mani. Wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa na yawo a kai.

"Malam Garba, wannan fa?"

Na leƙa. Man shanu ne. Rawar Gwaggo ta kaɗe madarar tun a hanya.

"Hajiya, sabon tsari ne. Kaɗawa kyauta."

Matan suka fashe da dariya. Ita ba ta yi ba, amma ta juya ta ce a ɗora tukwane.

"Ba ta yi tsami ba, za ta yi. Gobe madara nake so, ba mai ba. In ina son mai na san inda ake sayarwa."

Gobe. Kalmar da na zo nema ke nan.

Da na sauko daga masallacin Juma'a ban ko ci abinci ba na shiga ƙarƙashi, na sake zare ta. Na juya ta, na juya ta, ban ga komai ba sai kore. Haushi ya sa na ɗauki wuƙa na fara kankare fentin. A ƙarƙashinsa, a kowane ɓari, ga 'yar kibiya da maƙeran suka buga, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa. Dole su biyun su kalli juna, in ba haka ba gaɓoɓin su riƙa faɗa da juna suna juyawa. Nawa ɗaya na duban gabas, ɗaya na duban kudu. Na zare, na daidaita, na mayar, na ɗaure noti takwas.

Asabar na ɗora kofin shayi a kan dashbod tun daga ruga. Har Kambarawa ko ɗigo bai zuba ba. To, ɗigo biyu. Hajiya ta sa ludayi, ta duba, ta ce a shiga da su ciki, ta tambaye ni ya iyali.